Filin Matafiya: Fas da Marrakesh a Jirgin Ƙasa, Tare da Dattijo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, amma gidanmu Argungu. Mahaifina ya haura shekara saba'in, tsohon malamin Larabci ne, ya sauke farali tun tuni, abin da ya rage masa yana ambata kullum shi ne ziyarar Fas. Na daɗe ina adashi don in kai shi, yanzu kwasata ta zo. Tun da za mu taka ƙasar Maroko, ina son mu ga sauran garuruwan tarihi: Kasablanka, Rabat, Tanja, Miknas, Marrakesh, da wani gari mai shuɗin bango da nake gani a Facebook, in da hali har mu leƙa sahara. An ce mani akwai jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ke haɗa su duka. Hutuna kwana goma ne. Baba yana fama da gwiwa da ciwon suga. Shin wanga tsari zai yiwu? Daga ɗan'uwanka a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Fas za ta yiwu, Marrakesh za ta yiwu, jirgin ƙasa kuma shi ne abin hawan da ya dace da ku. Sauran jerin naka sai ka sa masa almakashi.

Fara lissafa kwanakin tukuna. Goman nan ba a Maroko za ku yi su duka ba. Daga Argungu sai kun zo filin jirgin Birnin Kebbi da ke Ambursa ko kun nufi Sakkwato, kun hau jirgin sama zuwa Abuja ko Legas, wuni ya tafi ke nan. Dawowa ma haka. Ranar da kuka sauka Kasablanka ba ranar yawo ba ce ga mai shekara saba'in, ranar barin ta ma haka. Abin da ke hannunka na gaskiya kwana shida ne ko bakwai. Raba su ga garuruwa bakwai ka gani: kowace safiya ɗaurin kaya, kowace yamma cigiyar masauki. Baba zai dawo gida a tambaye shi abin da ya gani, ya ce tashoshi.

Garin mai shuɗin bango Shafshawan ne. A jikin duwatsu yake, layin dogo bai je can ba, lungunansa duk matakala ne. Hoto yake yi wa kyau, ba gwiwa ba. Sahara kuwa tafiyar mota ce ta kusan wuni guda daga Fas, kuma mutumin da ya tashi yana ganin raƙuma suna shigowa daga Nijar ba sai ya biya kuɗin jirgi ya je Maroko kallon raƙumi ba.

Jirgin da aka ba ka labari Al Boraq ne. An ƙaddamar da shi a watan Nuwamban 2018, yana gudun kilomita 320 a awa, yana kai mutum Kasablanka daga Tanja cikin awa biyu da minti goma. Sai dai wanda ya ba ka labarin ya rage maka wani abu: ba ya zuwa Fas, ba ya zuwa Marrakesh. Tanja, Kenitra, Rabat, Kasablanka, iyakarsa ke nan. Gudun ma tsakanin Tanja da Kenitra yake zuba shi, daga nan sai ya hau tsohon layi ya tafi kamar kowane jirgi. Wanda ya hau shi daga Kasablanka zuwa Rabat don ya ji gudu, kujera mai taushi kawai ya saya. Ku naku jirgin shi ne na yau da kullum na hukumar jiragen ƙasa ta Maroko, ONCF, wanda suke kira Al Atlas, kuma ya ishe ku.

Ga yadda ni zan tsara ta, da Baba nawa ne. Akwai tashar jirgin ƙasa a cikin filin jirgin saman Kasablanka, ba sai kun fita waje kun yi ciniki da masu tasi ba. Cikin kamar rabin awa zai ajiye ku a tashar Casa Voyageurs. Riƙe sunan nan da kyau, don garin yana da wata tasha mai suna Casa Port, alhali jiragen Fas da Marrakesh a Casa Voyageurs suke tsayawa. Ku kwana ɗaya a otal kusa da tashar. In Baba ya huta, ku ɗauki tasi ku yi Magariba a Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993 a bakin teku, hasumiyarsa mita 210. Ba tsohon gini ba ne, amma ya cancanci a yi salla a ciki. Kasablanka ba ta da wani abin da ya kamata ta ƙara cinye muku kwana saboda shi.

Washegari sai Fas, tafiyar awa huɗu ko ƙasa da haka kaɗan. Ka sayi kujerun daraja ta ɗaya. A wannan ɓangaren mutum shida ne a ɗaki, a daraja ta biyu takwas, kuma bambancin kuɗin bai kai wahalar da za a sha ba idan jirgi ya cika. Mai ciwon gwiwa yana son wurin miƙe ƙafa. Tikiti ana sayensa a shafin ONCF na intanet ko a tagar tasha. Ni na fi son mutum ya sayi na gaba tun ranar da ya sauka a gari, kafin ya fita daga tashar, ya sa a aljihu hankalinsa kwance. A jikin tikitin akwai lambar tarago da ta kujera. Sanarwa da Larabci da Faransanci ake yi, don haka a nan Baba ne zai yi maka jagora, ka bar shi ya ji daɗin abinsa. Larabcin kasuwa na Maroko zai ba shi wuya da farko, suna haɗiye wasula, amma in ya yi musu na littafi za su gane, galibi har su ƙara girmama shi.

Abu biyu game da jirgin. Na ɗaya, kaya. A tashoshi da dama sai an sauka matakala an bi ta ƙasa kafin a fito dandamalin da jirgi zai tsaya, kuma a tashoshin kan hanya ba ya daɗewa. Kai kaɗai ne majiyin ƙarfi a tafiyar, hannunka ɗaya na Baba ne. Akwati ɗaya mai taya da jakar goyo, shi ke nan. Na biyu, in jirgi ya doshi Fas ba a rasa wani mai fara'a da zai zauna kusa da ku, ya yi muku marhabin, ya yabi Najeriya, can sai ya ce masaukin da kuka kama an rufe shi, amma ƙaninsa yana da wani mai kyau. Ka yi masa godiya, ka ci gaba da kallon taga.

Fas ku ba ta kwana huɗu, kuma ka daidaita tafiyar Juma'a ta faɗo a ciki. Wannan ya fi komai muhimmanci a duk tsarin, a kansa za ka zaɓi ranar tashi daga gida. Zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, inda aka rufe shi bayan rasuwarsa a 1815, tana cikin tsohon gari, kuma zikirin Juma'a bayan La'asar shi ne abin da Baba ya yi shekaru yana kwatantawa a ransa. Za ku tarar da baƙi daga ko'ina a Afirka ta Yamma, mutanen Senegal sun fi yawa, kuma ba wuya ka ji ana Hausa a wani saƙo. Kada ka kai shi sau ɗaya ka ce an gama. Dattijo irin wannan so yake ya je da Asuba, ya koma da yamma a yi wazifa da shi, ya zauna ba mai ce masa tashi mu tafi. Kai ga agogo kake kallo, shi kuwa wurin ya zo.

Tsohon garin Fas mota ba ta shiga. Lunguna ne dubbai, wasu da kyar mutum biyu za su gifta, jakai da alfadarai ne ke dakon kaya, in ka ji an ce "balak" ka manne da bango. Garin a kan gangare yake: Ƙofar Bujulud tana sama, masallacin Ƙarawiyyin da zawiyya suna can ƙasa wajen rafi. Masu yawon buɗe ido sukan kama masauki a sama saboda nan ne gidajen abinci, su gangara da safe cikin nishaɗi, su hauro da yamma suna haki. Kai nemi masauki kusa da dandalin Rasif, wanda suke rubutawa R'cif. Mota tana zuwa har nan, kuma daga nan zuwa Ƙarawiyyin da zawiyya tafiya ce gajera. Ranar da kuke son ganin babban lungun kasuwa, ku ɗauki tasi ya zagaya da ku Bujulud, ku shiga ta sama ku yi ta gangarowa har gida.

Masaukan tsohon gari gidaje ne na gargajiya masu tsakar gida, ɗakuna a kewaye, hawa biyu ko uku, da matakala masu tsayi da ƙunci. Kafin ka biya ko sisi, rubuta musu ka ce ɗakin ƙasa kake so, mai banɗaki a ciki, kuma su turo mai amalanke ya tarye ku inda mota ta tsaya. Na taɓa ganin wata dattijuwa da 'ya'yanta suka kama mata ɗaki a hawa na uku saboda ya fi kyau a hoto. Sau ɗaya take saukowa a wuni.

Bayan zawiyya, Ƙarawiyyin. Wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ta kafa shi a shekarar 859, kuma tun daga lokacin karatu bai yanke a cikinsa ba. Abin da zai taɓa Baba a nan ba ginin ba ne kaɗai. Malikawa ne kamar mu, da Warshu suke karatu, rubutun tsofaffin Alƙur'anansu ɗan'uwan wanda gardawanmu ke yi ne a tsangaya, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama. Bayan Asuba da bayan Magariba sukan zauna a da'ira su karanta izu guda da murya ɗaya, kullum, su sauke a wata. Ku zauna a yi da ku. Mutumin da ya haddace da Warshu a zaure a Argungu zai bi su ba tuntuɓe. Makarantar Addarin, wadda aka gina wajen 1325, tana dab da masallacin, ƙarama ce, a zaune ma ana kallonta. Makarantar Bu Inaniyya tana sama kusa da Bujulud, ku haɗa ta da ranar gangarowa. Hubbaren Maulaya Idris na Biyu, wanda ya raya garin a farkon ƙarni na 9, shi ma yana kan hanya.

Majemar Shuwara kuwa kai kaɗai za ka je, in Baba ya kwanta ƙailula. Daga saman shagunan masu fata ake leƙa ta, hawan yana da wuya, warin kuma ba ya jin kunyar kowa, shi ya sa suke miƙa wa baƙo ganyen na'a-na'a ya tara a hanci. Amma ka je. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme ta daɗe tana ƙetare hamada a bayan raƙuma, ta fita ta tashoshin arewacin Afirka, Turawa su saye ta da sunan fatar Maroko. In ka tsaya kana kallon ramukan jima da na rini, sana'ar gida kake kallo a hannun abokan cinikin kakanninka. A garin nan kuma Hasan al-Wazzan ya tashi, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus. Littafinsa da aka buga a 1550 ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara, kodayake Zamfarawa ba su samu yabo a wurinsa ba, su yi haƙuri.

Ranar Juma'a shaguna da yawa a tsohon gari a rufe suke, kada ka ajiye sayen tsaraba sai ranar. Miknas kuwa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga Fas a jirgi. In kun wayi gari Baba yana jin ƙarfi, ku je ku ga Ƙofar Mansur da hubbaren Maulaya Isma'il ku dawo kafin Magariba. In bai ji ba, a bar ta, ba a yi asara ba.

Daga Fas zuwa Marrakesh jirgi ɗaya ne ba canji, awa shida da rabi zuwa bakwai. Mutane sukan ji tsawon su tsorata, ni kuwa wannan ranar nake ɗauka ranar hutu. Bayan kwana huɗu ana taka dutse, ga kujera, ga sanyi, ga banɗaki kusa, ƙasar tana wucewa ta taga. Za ku bi ta Miknas, ku ratsa gonakin zaitun da alkama, ku fito Kenitra, ku ƙetare kogin da ya raba Sala da Rabat, ku sake bi ta Kasablanka, sannan ƙasa ta fara yin ja tana bushewa har Marrakesh, inda layin dogon ya ƙare. Ka ga Rabat da Miknas ɗin da kake so ma kun gan su, ko da ta gilashi ne. Ku hau na safe. Akwai mai tura keken shayi da burodi a ciki, amma mai ciwon suga ba ya dogara da wannan: ka yi guzurin ruwa, dafaffen ƙwai, gyaɗa, da 'yan dabino saboda ko suga ya faɗi. Shayinsu na na'a-na'a kuwa rabinsa sukari ne, duk inda aka zuba wa Baba ka riga su cewa ba sukari. Maganar kasaru da haɗa salla ba ni zan gaya wa malamin Larabci ba.

Marrakesh kwana biyu. Masu talla za su tura ka dandalin Jami'ul Fana, wurin masu wasa da maciji da birai da makaɗa. Ka leƙa da dare kai kaɗai, ka sha ruwan lemo, ka kula da aljihunka, kuma ka sani duk wanda ka ɗauka hoto sai ya nemi kuɗi. Abin da za ka kai Baba daban ne. Alƙali Iyal, mai Asshifa ɗin nan da ake karantawa a masallatanmu duk watan azumi, a garin nan yake kwance tun 1149, kusa da Ƙofar Ailan. Imamu Jazuli mai Dala'ilul Hairati shi ma a nan kabarinsa yake. Suna cikin waliyyai bakwai da garin ke alfahari da su. Ka yi tunanin mutumin da ya yi shekara hamsin yana jan baƙin littafi, yau ga shi tsaye a gaban mai littafin yana yi masa addu'a. Wuraren ba su cikin hanyar 'yan yawon buɗe ido, ka sa mai masaukinku ya haɗa ku da ɗan jagora mai lasisi na rabin wuni, ku yi ciniki tun kafin a fita, ka kuma gaya masa ba kantin darduma kuka zo ba.

Sai masallacin Kutubiyya na ƙarni na 12, mai hasumiyar mita 77, fili ne shimfiɗaɗɗe, ba wahala. In da sauran ƙarfi, kangon fadar Badi'i. Sarki Ahmad al-Mansur ne ya gina ta, shi ne kuma ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a 1591, daular da Kanta na Kabi ya ƙi yi wa biyayya tun farkon ƙarni na 16 ya kafa tasa a Surame. Bayan yaƙin aka kamo malaman Tambutu aka kawo su Marrakesh, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda ya yi shekaru a garin yana karantarwa kafin a bar shi ya koma gida. Bakabe ya tsaya a wannan kango yana da abin tunawa.

Daga Marrakesh zuwa Kasablanka awa uku ne ko ƙasa, sai ku canza zuwa jirgin filin jirgin sama. In tashinku na dare ne, ku baro Marrakesh da hantsi. In na safe ne, ku kwana a Kasablanka, kada ka yi caca da jirgin ƙarshe.

Lokaci: Maris zuwa Mayu, ko Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Kada ka ce mu mutanen Kabi mun saba da zafi. Zafin Marrakesh na Yuli da Agusta yana haura digiri 40, kuma a gida ba yawo kuke yi cikin rana ba. Sanyin Fas na Disamba da Janairu ya fi wannan haɗari ga tsoho, da ruwan sama yake zuwa, tsofaffin gidajen kuma ba sa riƙe ɗumi. Ka kauce wa makon Babbar Salla, jirage cika suke yi, gari kuma ya rufe.

Ɗan Najeriya sai da biza, ofishin jakadancinsu yana Abuja. Ka fara nema da wuri, kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Kuɗinsu dirhami ne, a can ake canzawa, naira ba ta da kasuwa, sai ka tafi da dala ko yuro, kada ka jingina da katin bankinka kaɗai. Magungunan Baba a jakar hannu, da takardar likita, da na kwanakin da suka fi na tafiyar. Ƙananan tasi na cikin gari mutum uku suke ɗauka, suna da mita, ka ce a kunna. In kuma ka samu shugabanka ya ƙara maka kwana huɗu, ɗaya ka ba Rabat, ku ga Hasumiyar Hassan, masallacin da aikinsa ya tsaya da rasuwar Yakub al-Mansur a 1199. Sauran ukun ka ƙara wa Fas.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Gusau. Kakana ma'aikacin reluwe ne, da labarin jirgin Kaura muka tashi. Ni da maigidana muna son mu fita da yara lokacin dogon hutu su ga garuruwan tarihi na ƙasarmu a jirgin ƙasa, ba mu da kuɗin waje. Ta ina za mu fara?

AMSA: Malama, barka kadai. Da tsohon layin yana aiki yadda kakanki ya san shi, da amsarki gajera ce: ku hau a Gusau, ku bi ta Funtuwa ku sauka Zariya, daga nan ko Kano ko kudu ta Kaduna da Minna da Zungeru da gadar Jebba har Legas. Jirgi ya isa Kano a 1911, reshen Zariya ya kai Kaura Namoda a 1929, shi ne ya kwashi gyaɗa da auduga ya mai da Gusau garin kasuwa. Amma wannan layin ba abin da za a ɗora tsarin hutu a kansa ba ne yau. Yaran dai ki fara da kai su tsohuwar tashar Gusau, ki nuna musu inda kakansu ya ci abinci, kyauta ne.

Sababbin layuka masu faɗi su ne abin hawa, kuma guntu-guntu suke, ba su haɗu da juna ba tukuna. Na Abuja zuwa Kaduna an buɗe shi a 2016, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. Na Legas zuwa Ibadan a 2021, kilomita 157. Akwai na Itakpe zuwa Warri. Na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina, an aza harsashinsu a 2021. Ranar da waɗannan biyun suka kama aiki, tambayarki za ta samu amsar da ta fi wannan daɗi, don Zariya da Kano da Daura da Katsina za su hau zare ɗaya.

A yanzu, in tarihi a jirgi kuke so, na Legas ya fi ba da riba, don garuruwa uku ne a jere. Ku fara da unguwar reluwe ta Ebute Metta, inda tashar take. A nan akwai Jaekel House, tsohon gidan manyan reluwe da aka mayar ɗan gidan tarihi, da hotuna da kayan aikin zamanin kakanki. Ku sauka Abekuta ku kwana: Dutsen Olumo, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, da kasuwar Itoku ta masu rinin adire, wadda yaran da suka taɓa ganin karofi za su gane nan take. Sai Ibadan: Mapo Hall a kan tudu, Cocoa House na 1965, jami'ar da aka kafa a 1948, da Sabo, inda za ku ci tuwo ku ji kamar ba ku bar gida ba. Ki sani tashar Ibadan tana Moniya ne, bayan gari sosai, ki sa kuɗin mota a lissafi.

In Legas ta yi nisa, ku yi ƙaramar: mota zuwa Zariya, ku ga ganuwa da ƙofar fada da tsohon masallacin Juma'a na Babban Gwani, ku wuce Kaduna ku shiga Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna, sannan yara su ɗanɗana jirgi daga Rigasa zuwa Abuja. Ba zan ɓoye miki ba, ke ma kin sani, an kai wa jirgin nan hari a watan Maris na 2022, ya tsaya har Disamban shekarar. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa kuma ba sai na yi wa 'yar Gusau bayaninta ba. Ku bi ta da rana tsaka, ku tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, in an ce a dakata ku dakata. Tikiti ku saya ta intanet da lambar NIN, sunan da ke jiki ya dace da katin shaidar mai hawa, kada ku saya a hannun 'yan bayan fage. Ki duba jadawali ana gobe tafiya, yakan canza.

TAMBAYA: Malam, ni da mahaifiyata za mu Umara daga Yawuri. An ce akwai jirgin ƙasa tsakanin Madina da Makka. Ya fi mota? Kuma ina ake ɗaukar harami?

AMSA: Hajiya, Allah ya karɓa. Ya fi mota nesa ba kusa ba. Jirgin Haramaini ya fara aiki a 2018, kilomita 450 ne, yana cinye su cikin kamar awa biyu da rabi, inda bas kan yi biyar ko shida. Mikatin mai fitowa daga Madina Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali, kuma jirgi ba ya tsayawa a nan, wucewa yake jim kaɗan bayan tashi. Don haka wanka da shiri a masauki za ku gama su, maza su hau da haraminsu a jiki, ya rage niyya kawai. Yadda za ku ƙulla ta, ki tambayi malamin ayarinku tun kafin ranar, kada a bari sai an zauna a kujera.

Inda mutanenmu ke samun matsala kaya ne. Akwati ɗaya ake yarda da shi, wanda bai wuce kilo 25 ba, da jakar hannu. Buhunan tsaraba sai dai su bi mota, ki shirya wannan da wakilinku. Tashoshin biyu duk ba a bakin Harami suke ba, ta Makka tana unguwar Rusaifa, sai kun ƙara da tasi ko bas. Kafin ku bar Madina, in Hajiya babba tana da ƙarfi, ku leƙa tsohuwar tashar Anbariyya, inda jirgin Hijaz na Turkawa ya iso daga Dimashƙa a 1908, ba ta da nisa da Masallacin Annabi. In a watan azumi za ku, ki sayi tikitin tun kuna gida, kujerun goman ƙarshe ba sa jiran kowa.